Zaman Kawu a Ƙofar Ɗan Majalisa

Wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ranar Laraba da hantsi, ana yayyafi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Mu mata muna cikin gida, abin da muka gani kawai shi ne ƙafafun 'yan'uwanmu maza da suka dawo da jar laka har idon sawu.

Na saba ganin mutuwa tana tara dangi da maƙwabta. Ta Kawu malaman firamare ta tara. Daga Danchadi suka zo, daga Shagari, daga Horo Birni, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, wasu da ƙurar alli a hannun riga domin a cikin aji labarin ya same su. Wani dattijo mai sayar da albasa ya tsaya a bakin zaure yana magana da ƙarfi har muna jiyo shi daga ciki: "Wanga bawan Allah shekara guda shina bina sai na bar matar ɗana ta koma karatu. Na zage shi, wallahi na zage shi gaban mutane. To yanzu wa za ni ba haƙuri?" Aka yi ta ba shi baki.

A ɗakin mata kuma wata malama da ban sani ba ta shigo da goyo, ta yi gaisuwa, ta zauna a kan tabarma. Can sai ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, "To ranar Talata fa?" Wata ta zungure ta. Amma babu wadda ta ga laifinta, domin tambayar tana bakin kowa. Yayata, wadda ke zaune nesa da ni da gangan, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Talatar nan ita ce ranar da kwamitin ilimi na majalisar jiha zai saurari jama'a a kan cibiyar karatu ta Boɗinga, a bar ta ko a rufe. Kawu ne ya kamata ya yi magana a madadin tsofaffin ɗalibai, idan an ba mu dama. Ya rasu ba mu san ko za a ba mu ba, kuma ni ce sanadi. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ina so a san shi, kuma ba zan iya faɗin ko wane ne shi ba sai na faɗi abin da na yi masa.

Cibiyar ba wani babban gini ba ce. Azuzuwan wata sakandare ne jami'ar jiha ke ara ranakun Asabar da Lahadi, malamanta su zo daga Sakkwato su koyar da malaman ƙauye masu neman digiri. Kawu yana cikin waɗanda suka fara gamawa a can. Ya shiga ne gemunsa ya riga ya yi fari, ya zauna benci ɗaya da waɗanda shi ya koya wa riƙe fensir. Mahaifiyata, ƙanwarsa, ta tambaye shi abin da zai yi da digiri saura kaɗan ya bar aiki. Ya ce, "Tun ina saurayi nake ce ma yaran mutane su yi karatu. Ina son in ga ko ni ina jin maganata."

Shi ya sa Yaya ta shiga. Tana koyarwa a Horo Birni, tana da yara huɗu, na ƙarshen yana shan nono. Kowace Asabar babur ke fito da ita bakin titi, bas ta kawo ta Boɗinga, ta ajiye yaron a gidan Kawu wurin matarsa, wadda muke kira Inna, ta dinga zuwa ba shi nono tsakanin darussa. Zango biyu ya rage mata lokacin da aka ji cewa za a tattara duk karatun ƙarshen mako a mayar babbar harabar jami'a a birni. A birni ba ta da gidan da za ta ajiye goyo. Ta ce da ni, ba tare da kuka ba, in an rufe ta haƙura ke nan.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta yankinmu ba ta da ofis. Tana da zauren WhatsApp, tana da inuwar bishiyar bedi, wato dogon yaro, a ƙofar gidan Kawu. Ni na gama a babbar harabar, na karanci adabi, na shiga ƙungiyar ne domin Kawu ya ce in dinga gyara musu wasiƙu. Mai alƙalami yake kirana.

Yana da hanyarsa ta zuwa wurin 'yan majalisa, wadda matasanmu suka daɗe suna yi wa dariya. Ba ya fara zuwa ofis, ba ya fara aika takarda. Sai ya binciko wanda ya koyar da ɗan majalisar a firamare, idan yana raye, ya je har ƙauyensa ya ɗauko shi a bayan babur. Su isa gidan da safe. Idan aka shigar da su falo aka nuna musu kujera, sai su tuɓe takalma su zauna a ƙasa, yadda talaka ke yi a gaban babba. Kuma babu ɗan da aka haifa a ƙasar nan da zai iya zama a kan kujera malaminsa yana ƙasa. Sai a ga Honorabul ya zamo da babbar rigarsa yana cewa, "Subhanallahi, Malam, don Allah tashi." Malam ba zai tashi ba. A nan ƙasa za a yi maganar, gwiwa na taɓa gwiwa.

Na taɓa tambayarsa ko wannan ba wayo ba ne.

"Wayo ne mana," ya ce, yana dariya har hularsa na motsi. "Amma ban taɓa roƙa ma kaina ko ruwan sha da shi ba."

A cikin 'yan kwamitin akwai wanda maganarsa ta fi nauyi, kuma wannan Kawu bai buƙaci ɗauko kowa ba, domin shi da kansa ya koyar da shi. Sakataren ƙungiyarmu ne ya raka shi, shi ya ba mu labari. Honorabul ya ce, "Malam, mu faɗi gaskiya, Boɗinga da birni nawa ne? Tafiyar rabin sa'a ce." Kawu ya ce, "A motarka, ranka shi daɗe. Ban tambaye ka ka yarda da ni ba. Ka sa sunanmu cikin masu magana, a ji mu, sannan ku yanke abin da kunka ga dama." Ya yi alkawarin zai sa.

Mako ya wuce shiru, na biyu ya wuce. Kawu ya ce a jira, manya ba sa son a tuna musu alkawari da wuri. Sakatare ya ce zamanin jira ya wuce. A zauren WhatsApp aka fara cewa a fito da maganar duniya ta gani, wani ya rubuta, "Ke da ke da alƙalami, mi kike jira?"

Ban yi shawara da kowa ba. Bayan la'asar na zauna a bakin gonar da ke bayan gidanmu, gero ya fi ni tsawo, iska tana kwantar da shi tana tayar da shi, na rubuta waƙa. Kawu ya taɓa ba mu labari a tsakar gida cewa mahaifiyar ɗan majalisar nan kunu take sayarwa a ƙofar makarantarsu, da shi ta saya masa littattafai. Tun ranar da na ji labarin nake ganin matar a zuciyata, da ƙwaryarta, da tururin kunun da sassafe, da idonta a kan ƙofar ajin ɗanta. Na ƙaunace ta ban taɓa ganinta ba. Sai na sa ta a waƙar. Na ce mata irinta ne ke zaune yau a bencinan cibiyar, na tambaye shi abin da zai ce mata in ya rufe musu ƙofa. Ban ambaci sunanta ba. Wallahi a raina girmamawa ce.

Kwana biyu waƙar ta fi ƙarfina. Wani ya rera ta ya ɗauka a waya, wani ya sa mata kiɗa. 'Yan adawarsa suka dinga kunna ta a tashar Shagari, idan motarsa ta wuce yara su yi ihu, "Ɗan mai kunu!" Abin da na yi don yabo, a kunnen mutanenmu gori ne. Na yi shekaru ina karanta adabi, amma na manta abin da kowace yarinya mai talla ta sani, cewa ba a ɗaukar uwar mutum a kai ta bainar jama'a ko da za a ce waliyyiya ce.

Kawu bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya kira ni zaure, bai ce in zauna ba.

"Mai alƙalami, wa ya ba ki labarin kunun nan?"

"Kai ne, Kawu."

"Ina na ba ki shi?"

"Nan gida."

"Nan gida. Ni na ba ki shi cikin gida, ke kinka kai shi tasha."

"Kawu, yabonta na yi. Ka karanta ka gani."

"Na karanta. Mutumin nan ya ce zai sa sunanmu, bai ce ba zai sa ba. Yanzu in ya sa, za a ce waƙa ta razana shi. Kin rufe mishi hanyar yi muna alheri."

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma kunya ta juye mini ta zama zafi, na faɗi maganar da har in mutu ba zan daina jin ɗacinta ba. Na ce, "Ku da kuke zama ƙasa shekara da shekaru, mi anka ba ku?"

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Gobe da safe ki sa mayafinki. Za mu tahi."

Ba gidan Honorabul muka je ba. Bas muka shiga zuwa Shagari, daga nan babur zuwa wani ƙauye, wurin tsohuwar da ta ƙi komawa birni duk da gidan da ɗanta ya gina mata. Muka same ta a tsakar gida tana tsinke zogale, awaki na zagaya ta. Ba ta yi kama da matar waƙata ba ko kaɗan. Ƙarama ce, mai kaifin ido, mai saurin baki.

"Malam, kai ne? Ka tsufa."

"Ina biye da ke, Hajiya."

"Wagga ce mai waƙar?"

"Ita ce. Ɗiyar ƙanwata ce, laifinta nawa ne. Ban haƙuri munka zo, ba mu zo da wata buƙata ba."

Na durƙusa. Ta ci gaba da tsinke ganyenta kamar ba ni wurin, sai da ta gama reshen da ke hannunta.

"Jikokina sun kunna mini ita cikin waya. Kunu kam na sayar. Na tsamiya, kuma babu wanda ya taɓa cewa na tsinka shi da ruwa. Ba ni jin kunyarshi. Amma ɗiyata, da ina son duniya ta ji, ai ina da baki."

Na fashe da kuka.

"Share hawayenki, ni na haƙura. Shi ne ban sani ba, kuma ba ni shiga aikinshi. Yaron nan tun shina ƙarami ba ya son abokanshi su gan ni bakin makaranta da ƙwarya. Ta bayan katanga yake zuwa karɓar nashi. Ni na sani, kai ma ka sani, Malam."

"Na sani," in ji Kawu.

A hanyar dawowa muka tsaya a tashar Shagari. Can ya sauka ya sayo gasasshiyar masara, ya karya biyu, ya miƙo mini ɓangaren da ya fi laushi. Muna cikin bas, yana kallon gonaki ta taga, ya ce, "Baiti na uku ya yi kyau ƙwarai. Shi ya sa ya yi ɓarna." Iyakar abin da ya sake faɗa a kan waƙar ke nan.

Daga nan ya fara zuwa gidan Honorabul a birni, shi kaɗai, ya hana kowa raka shi. Mai gadi ya ce mai gida ba ya nan. Kawu ya tuɓe takalmansa ya zauna a ƙasa a wajen ƙofar gidan har aka kira azahar, ya tashi ya dawo. Bayan kwana biyu ya koma. A zuwa na uku hadari ya haɗu, mai gadi ya roƙe shi ya shiga ɗakinsa ya fake, ya ƙi. Ya dawo Boɗinga rigarsa na ɗiga. Tari ya fara, zazzaɓi ya biyo. Likita ya ce zuciyarsa ta daɗe da rauni, Inna ta ce kwana ne ya ƙare, kowa ya ce haka. Na yarda da ƙaddara. Amma Yaya ta daina yi mini magana tun ranar da aka kwantar da shi, kuma ban ga laifinta ba.

Ranar addu'ar uku da safe muka ji motoci sun tsaya a ƙofar gida. Nan take saƙon sakatare ya shigo wayata: Honorabul ya zo, wasiƙarmu mai sa hannun kowa tana aljihuna, zan ba shi yanzu gaban jama'a, ba zai iya ƙi ba. Saura kwana huɗu Talata. Na san ba mu da wata dama. Na rarrafa wurin Inna, wadda ke zaune a ƙuryar ɗaki cikin takaba, na raɗa mata.

Ta ce, "A kan tabarmar makokin mijina? Ki ce mishi in ya fiddo takardar nan, ni za ni fita da kaina in karɓe ta."

Na rubuta masa haka. Muka zauna muna jin addu'a daga waje, ina jin kamar da hannuna na sake rufe ƙofar karo na biyu.

Bayan an shafa, aka yi sallama cewa baƙo yana son ya gaida mai takaba. Mata suka gyara mayafai. Ya tsuguna a bakin ƙofa, labule tsakaninmu da shi, ƙafafunsa kawai nake gani, babu takalmi. Ya yi ta'aziyya yadda ake yi. Amma bai tashi ba.

"Inna," ya ce, "sau uku Malam ya zo ƙofata. Duk ukun ina ciki. Na ƙarshen ina kallonshi ta taga, ruwa na dukanshi. Na ce bari in bar shi ya ji abin da na ji."

Na ji yatsun wata sun damƙe hannuna.

Inna ta ce, "Ya san kana ciki. Ya ce ya ga labule ya motsa."

"Mi ya ce?"

"Ya ce tun kana aji uku haka kake. In ka yi fushi sai ka shige bayan allo, kuma ba a jawo ka, sai an bar ka ka fito da kanka."

Na ga ɗigo biyu sun faɗo a kan simintin tsakanin ƙafafunsa. Sannan ya ce, "Mai waƙar tana nan?"

"Ga ni, ranka shi daɗe."

"Tsohuwa ta ce kin je. Ita ta yafe, ni da saura, ba zan yi miki ƙarya gidan Malam ba. Talata za a ba ku mutum ɗaya. Ba ke ba, ba sakatarenku ba. Ku kawo wadda abin ya shafa. Kuma ban ɗauki alkawarin komai ba, ni ɗaya ne cikin kwamiti."

Yaya ba ta taɓa magana a lasifika ba. Kwana uku ba ta iya cin abinci. Na je na same ta na ce zan rubuta mata abin da za ta faɗa. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Rubutunki ya isa haka nan."

Ranar Talata na zauna a layin baya. Ta tashi da yaron a bayanta, takarda babu. Ba ta roƙi kowa ba. Hanya kawai ta ba su labari: lokacin da take tashi, kwarin da ke cika da ruwa tsakanin garinsu da titi, yadda take fita daga aji da gudu in nono ya cika ta dawo malami bai share allo ba. Wani ɗan kwamiti ya ce, "Malama, me zai hana ki kwana a birni?" Ta ce, "Gidan wa, ranka shi daɗe? In kana da ɗaki, mu da goyonmu muna da yawa." Zauren ya ɗauki dariya, har mai tambayar. Honorabul, ɗalibin Kawu, bai yi dariya ba. Tambaya ɗaya ya yi duk zaman, ya yi ta ga wakilin jami'a: a cikin waɗanda suka ba da shawarar rufewa, akwai wanda ya taɓa bin hanyar da matar nan ta faɗa? Wakilin ya ce zai bincika.

Mako biyu muka yi muna jira. Abin da ya fito rabi ne. Waɗanda suka riga suka shiga za su ƙarasa a Boɗinga. Ɗaukar sababbi an dakatar har sai kwamiti ya zo ya ga wurin da idonsa, kuma har yau ba a sa rana ba. Ban sani ba ko da Kawu ne ya tsaya a gabansu da an samu duka. Ban sani ba ko da ban rubuta waƙar ba da yana nan ya tsaya. Waɗannan tambayoyi biyu nawa ne, ba na neman kowa ya ɗauke mini su.

Jiya, bayan an watse daga addu'ar arba'in, ina wanke kwanuka a bakin rijiya sai inuwa ta tsaya a kaina. Yaya ce, da damin takardu a hannu, kundinta na kammala karatu da ta rubuta da biro. Ta ajiye shi a kan turmi inda ruwa ba zai taɓa shi ba.

"Ki duba mini," ta ce. "Gyara kawai. Kada ki ƙara komai."

Na goge hannuna na buɗe. A shafin sadaukarwa, inda ɗalibai ke cika layi goma da godiya, kalma biyu ta rubuta a tsakiyar farar takarda: Ga Kawu. Alƙalamina yana hannuna, kalmomi suna ta taruwa a bakinsa kamar tsuntsaye a kan zangarniya. Na juya shafin na bar shi yadda yake.

Ya Allah, bawanka ya ƙasƙantar da kansa a ƙofofin bayinka don 'ya'yan wasu. Kada ka bar shi ya jira a taka ƙofar. Ka yafe masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba Inna haƙuri, mu kuma ka koya mana riƙe harshenmu kafin mu iske shi.